Gilashin Madugu Ilyasu Ba Zai Bar Garwa Ba

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Fataken Hausawa ta Garwa tana sanar da Mai Martaba Lamiɗo, da Sarkin Hausawa, da malamai, da ɗaukacin jama'a cewa labari ya iso mata na rasuwar dattijonta, Madugu Ilyasu Mailafiya, a kogin Faro. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya tsufa yana jan ayari tsakanin Garwa da bakin teku, kuma saboda wannan sani ne wani Bajamushe mai ɗaukar hoto ya nemi rakiyarsa. Madugu ne ya fito da shi daga Duwala, ya ratsa da shi gonakin koko da makiyayan Banyo, yana yi masa tafinta, yana lallashin matan ƙauye da ke gudu in sun ga akwati mai ƙafa uku. Duk hoton da Baturen yake taƙama da shi, Madugu ne ya san dutsen da za a hau da lokacin da giwaye ke saukowa ruwa.

Ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan. Amma 'yan dako sun shaida cewa Madugu ya riga ya haye kogin lafiya a kwalekwale, ana ɗaukarsa hoto, sai Baturen ya ce gajimare ya ɓata masa haske, a koma a sake ratsawa ta kusa da dorinai. A karo na biyun dorina ta kife kwalekwalen. Da aka tsamo gawar, ruwa ya tuɓe ta, mutumin nan ya hana a rufe ta sai da ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyallensa ya ɗauki hotonta a kan farantin gilashi. Ƙyallen da zai rufe nasa kan ya samu, na rufe tsiraicin dattijon da ya ciyar da shi a daji ne ya gagara. Wannan wulaƙanci ya fi mana mutuwar ciwo.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Malama Kaltuma, da ɗansa Malam Yusufu, da sauran dangi. Allah ya jiƙan Madugu, ya sa Aljanna makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri da dangana.

Mun ji Baturen na shirin bin jirgin ƙarshe kafin ruwan Binuwai ya janye, ya kai gilashin ƙasarsu a yi kallo. Bari ya sani, daga yau babu ɗan dako ko mai jaki na wannan ƙungiya da zai taɓa kayansa, har sai an fasa gilashin nan a gaban Malam Yusufu. In kuwa ya ƙi, akwatunansa suna nan a zauren masaukinsa, tashar jirgi kuma da nisa, sai ya ɗora a ka.

Malam Hassan ɗan Bukar,
Kakakin Ƙungiyar Fataken Hausawa ta Garwa,
Shawwal, 1331.