Fuskar da Ba a Shafa wa Gawayi Ba

Oldsum, Föhr
24 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata Keike,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Hark da yara da jikoki. Allah ya ƙara wa idonki sauƙi, ya sa aikin da aka yi miki shi ne ƙarshen wahala. Mu nan lafiya lau muke, in dai za a kira tsohuwa ɗaya da kyanwa "mu". Ƙaninmu Erk yana nan yadda kika san shi, kunne ya ƙara toshewa amma baki bai ragu ba. Hoton bishiyar lemon bayan gidanki ya iso, na gode, sai dai ki sani rashin imani ne ki zauna a Kalifoniya ki riƙa turo wa mutanen tsibiri hoton rana a watan Fabrairu.

Kin tambaye ni a waya ko gaskiya ne zan bar tsibirin nan, na yi ta kewaye-kewaye har kika gaji. A takarda zai fi mini sauƙi. Kin san mijina Ocke ya rasu a lokacin kaka, kin kuma san ana gab da Kirsimeti na zame a bakin ƙofa har aka yi mini aikin kwatangwalo. Tun ina gadon asibiti 'yata Inken ta tayar da maganar in koma Hamburg wurinta. Ɗaki ta gyara, har labule ta saya. Kullum maganarta ɗaya ce: "Mama, in kin sake faɗuwa wa zai ɗaga ki? Kyanwa?" Ni kuma kin san bakina. Na ce mata ranar Biike, bikin wutarmu na ƙarshen hunturu, da ƙafata zan je bakin ganuwar teku in tsaya gaban wuta, ba mota ba hannun kowa. In na kasa, ta zo ta ɗauke ni kamar buhun dankali, ba zan ce uffan ba. Ta ce ta ji, ta yarda. Sai da na ajiye waya na tuna a lokacin ko ƙofar lambu ba na iya kaiwa.

To, haka na fara 'yan tafiye-tafiyena. Da rana ta ɗan yi sama sai in sa tsohuwar rigar ruwan Ocke, in ɗauki sanda. Da fari iyakata ƙofar lambu. Daga baya na kai akwatin wasiƙu, sai gidan burodi, har na wuce gidan ƙarshe na shiga hanyar fadama. Kin san fadamar nan a ƙarshen hunturu, ba kore ba fari, ruwa kwance a kowane rami da 'yar ƙanƙara a samansa, agwagin daji suna ta surutu, iska kuma ta rantse sai ta cire wa mutum kunne. Duk bencinan hanya an kwashe su sai bazara, don haka in ƙafa ta gaji sai in jingina da shingen tumaki, su kalle ni in kalle su. Ciwon bai dame ni ba kamar hanyar da ke gabana. Tun da muka yi aure Ocke a gaba yake tafiya, ni ina baya ina masifa cewa ba jirgin ruwa za mu tara ba. Ashe bayansa nake kallo duk shekarun nan, ban taɓa lura hanyar tana da tsawo haka ba. Yanzu ba komai a gabana sai sarari. Ina kewarsa, Yaya, kewa mai tsanani.

Mutanen gari kuwa kirki suka yi mini har ya ishe ni. Mota ta hango ni sai ta rage gudu, a ɗaga mini hannu a hankali. In na shiga gidan burodi dariya ta tsaya. Maƙwabciyata Tatje, wadda muka tsufa muna faɗa a kan shingen da ke tsakaninmu, ita ce yanzu take karya murya tana cewa, "Sannu Marret, yaya ƙarfin jiki?" Ni da za ta zage ni a kan kajina kamar da, da na fi jin daɗi.

Ana saura 'yan kwanaki na fara isa gindin ganuwa. Na hau da ƙyar, ina riƙe da ƙarfen matakala. Ruwa ya janye, laka shimfiɗe har iyakar gani, ga tulin icen wutar Biike a gefe yana ta girma, bishiyoyin Kirsimetin gari da rassa da tattaka. Na ce da ƙarfi, "To, ga ni na iso." Ba mai ji. Na tsaya har hancina ya daskare, sannan na juyo gida na dafa shayin mutum ɗaya.

Kada ki ce mini Amurka ta mantar da ke yadda ake yi in wuta ta kama: kowa ya ja guntun icen da ya ƙone, ya murza gawayi a tafin hannu, ya bi wanda ya ga dama ya shafa masa a fuska. Ni tun ina budurwa Ocke ne ke yi mini. Ta baya yake zuwa, hannu biyu, daga kunne zuwa kunne, sannan ya leƙo ya ce, "Yauwa, yanzu kika yi kyan gani." In bi shi da zagi, gari ya yi ta dariya. Bai taɓa fashi ba, ko shekarar da nake da cikin Inken.

Ranar Biike na fita tun da sauran haske, na isa kafin a kunna wuta, da ƙafata, ba wanda ya riƙe ni. Aka kawo mini kujera na ce a kai wa tsofaffi. Wuta ta tashi, zafi ya daki fuska, baya kuma sanyi. Kafin ka ce me kowa ya koma baƙi ƙirin, Erk, fasto, har baƙin da suka tsallako daga babban yanki don kallo. Yara suka taho da gudu hannu a sama, suna ganin ni ce sai su karkata su wuce. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: har ɗankwalina na ja baya don fuskar ta fito sosai. Na tsaya ina jira kamar yarinyar da ba a ɗauka rawa ba. Babu wanda ya taɓa ni. A nan na tuna tun ranar jana'iza, in ban da likita da masu jinya, ba hannun da ya taɓa fuskata.

Ban bi su cin kabeji da nama ba. Na dawo gida, na duba madubin zaure, fuska fes, na zauna a kan matakala da rigar ruwa a jikina na yi kuka. Na ce a raina na ci gardama, amma tafiya zan yi. Me zan zauna yi a garin da ake lallaɓa ni kamar ƙwai? Gara Hamburg, can dai na san ni baƙuwa ce.

Washegari da hantsi na ce bari in taka sau ɗaya in yi sallama da ganuwa. Na tarar da Brar, aminin Ocke tun suna yara, shi kaɗai yana tattara toka da manjagara, har yanzu tana hayaƙi. Ko gaisuwa ban bari ya gama ba na sauke masa. Na ce kun binne ni ne tare da shi? Gari guda an rasa mai hannun da zai shafa mini gawayi, sai tausayi kamar na mutu ban sani ba? Ya jingina da manjagara ya dube ni. Kin san Brar, kafin ya yi magana sai shayi ya huce. Can ya ce, "Wane tausayi? Ke wa ya isa ya ji tausayinki, da bakin nan? Ai ba a riga Ocke, kowa ya sani, har yara. Sai ya shafa miki nasa sannan sauranmu ke samun kunnenki." Ya ƙara da cewa, "Ni jiya hannuna cike da gawayi na tsaya a bayanki, ina ta duban hanyar gari, wai yanzu zai ɓullo. Tatje ma sai da ta ce mini, 'Wai ina wannan malalacin ya tsaya ne?' Sannan ta kama bakinta ta bar wurin." Ashe ba ni kaɗai ke jira ba, Yaya. Ya dubi baƙin tafinsa, ya dubi fuskata, ya ɗaga hannun kaɗan, sai ya goge shi a wando. Ya ce bana dai ba zai iya ba, amma baɗi in muna da rai in tanadi sabulu.

Da na dawo na kira Inken na ce mata na kai, kuma ina nan. Ta ce, "To Mama, ƙafa ta yi. Kaɗaicin fa?" Ban yi mata ƙarya ba. Na ce yana nan, tare muke cin abinci, tare muke fita yawo, kuma ban ga ranar tafiyarsa ba. Amma a Hamburg babu wanda zai tsaya yana duban hanya ko babanki zai ɓullo. Daga baya ta ce za ta zo da bikin Ista, in gyara mata gadonta.

Ki gaishe mini da Hark, ki ce ya rage gishiri. Ki gaida ɗanki Nahmen da matarsa, da 'yarki Elke da 'yan biyunta. Erk yana gaishe ki, ya ce ki daina yi masa ihu a waya, shi ba kurma ba ne. Allah ya bar mu tare, ya sa mu gana da alheri.

Taki ƙanwa,
Marret