Tukunyar Mutum Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata mai haƙora biyu.

Direba ya kawo mini littafin girkin da kika aiko. Kafin in ce komai, bari in tuna miki wanda kika aika wa. Ni ne na bar sakandare a aji uku da wando ɗaya. Walda da ido na koye ta, ba wanda ya riƙe mini hannu. Injina na farko a bola na tsinto shi, na kwance na ɗaura har ya yi tari ya tashi. Na kafa shago, na gina gida mai bene, na kai ki jami'a. Rabin ƙyamaren ƙarfen unguwar nan aikina ne. Ba kawu, ba ubangida, ba wanda ya taɓa ce mini ungo. Tumbin nan da likita yake harara, shi ma ni na gina abina, kuma duk wanda ya kwana da yunwa yana yaro ya san darajarsa.

To, likita dai ya yi magana. Gwiwar dama ta cinye, sai tiyata, kuma ba zai taɓa ni ba sai na sauke kilo goma sha biyu. Ya ba ni wata huɗu. In na kasa, wai in fara tunanin keken guragu. Ni, a tura ni a keke!

Saboda haka na sallami mai kawo mini abinci, wadda tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, take nema ta nutsar da ni a mai. Na wanke tukwanen marigayiya. Surutun farkon littafin na tsallake shi, na tafi kai tsaye inda aiki yake. Gaskiya girkin ba ya cin lokaci, kafin ruwan wanka ya yi zafi an sauke. Wanda ya haɗa injin daga bola, kabeji ba zai gagare shi ba.

Wasiƙa na rubuto don a waya ba kya bari in kai aya.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Littafinki ya ci amanata. Jiya na hau sikelin asibiti. Nas ta dubi sikeli, ta dube ni, ta ce in cire takalmi. Na cire. Ta ce in fito da makullan aljihuna. Na fito da su. Kilo biyu na ƙara, Uwata. Ƙari, ba ragi ba.

Allah shaida ban saɓa wa littafin nan ko da ƙwayar gishiri ba. Ya ce kifi kilo ɗaya, na sa aka auna a gabana. Ya ce mai cokali ɗaya, cokali ɗaya na zuba, har ina jin kunyar tukunyar. Shinkafa kofi biyu, kabeji guda, karas huɗu, duk yadda aka rubuta. In na sauke kuma sai na ga bayansa tas, don a gidan da na tashi ba a barin abinci a kwano. Wani lokaci da gumi nake ƙarasawa, ina ce wa kaina magani ne, dole a shanye. Har mamaki nake yi, wai abincin rage ƙiba, alhali ko lokacin da nake cin soye-soye ban taɓa cika ciki haka ba.

Telan da ke jikin shagona, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya ce in kawo wandunana ya ƙara musu ƙyalle tun kafin in kai tsakiyar littafin.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na sauko da katifata falo. Ɗakina yana sama, a gidan da na gina da gumina, amma matattakalar ta fi ƙarfina. Wata ɗaya ya tafi a banza. Ki bincika mini wanda ya rubuta littafin nan, ina da magana da shi.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma yi maka sannu da jiki. Maigidana yana gaishe ka. Amaryarka ta ƙara haƙori ɗaya.

Na karanta wasiƙarka a ofis na yi dariya har abokiyar aikina ta taso ta duba ni. Da na kai maganar katifa kuma sai da na fita waje na share hawaye.

Baba, don Allah ka yi mini abu ɗaya. Tabaran da na saya maka bara yana cikin durowar ƙarƙashin talabijin, na san ko ledarsa ba ka cire ba. Ka sa shi, ka buɗe shafin kifin. A ƙarƙashin sunan girkin akwai ɗan ƙaramin rubutu kusa da hoton cokali. Abin da aka rubuta shi ne: na mutum huɗu. Haka yake a kowane shafi. Wata guda ke nan kana cinye abincin gida guda kai kaɗai, safe, rana da dare. Da ka ƙara kilo biyu kacal ma, ai littafin ya yi ƙoƙari.

Ka raba kayan kashi huɗu ka dafa ɗaya, ko ka dafa duka ka ci kashi ɗaya, sauran ka sa a firji. Lokaci bai ƙure ba.

Baffa ya ce sau biyu yana zuwa duba ka kana ce masa ba ka buɗe ɗakin jinya ba. Ƙaninka ne fa, Baba. Ka bar shi ya shigo.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.
'Yarka

*

Uwata,

Bayan gaisuwa, da fatan an yi ƙarshen wata lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, aiki ne ya sha kaina.

Na sa tabaran. Laifin mai buga littafin ne. Ta yaya za a ɗauki maganar da ta fi kowace muhimmanci a rubuta ta kamar sawun tururuwa? Ni in na yi ƙyaure, inda hannu zai kama nake sa babban mariƙi.

Na gwada shawararki duka biyu. Ta farko, ki faɗa mini yadda ake raba ƙwai uku kashi huɗu. Ta biyu, kashi ukun da na sa a firji sun san sunana. Kafin la'asar sun kira ni, na kuwa amsa.

Sai ranar wata Talata. Ina tsugune ina gyara ƙafar wani gadon ƙarfe, na zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na zube. Tela ya rugo, mai yi mini fenti ya yar da burushi, Baffanki ma ashe yana bakin ƙofa ya zo wucewa, in ji shi. Su uku suka ɗaga ni kamar buhun siminti, a gaban mai gadon. Tun da na yi wayo ba a taɓa ɗaga ni ba. Da suka zaunar da ni a benci na kasa kallon idon kowa, sai na dubi ƙafafunsu. Na ƙirga mutum uku. Da ni huɗu.

Washegari na yanki farantin ƙarfe marar tsatsa, na huhhuda shi, na yi masa ƙafafu ya zauna cikin tukunya: shinkafa a ƙasa, kifi da ganye suna turaruwa a sama, wuta ɗaya. Na kai risho shago. Na ce da su daga yau duk wanda ya sayi abincin rana ya raina ni.

Ranar farko Tela ya leƙa kwanonsa ya ce, "Oga, ina man? Ko injin ka shafa wa?" Yanzu shi ke fara zuwa, da cokalinsa a aljihun gaba inda ake sa biro. Mai Fenti ya zo da dabarar lemun tsami da barkono, kifin ya daina ɗanɗanon asibiti. Ludayi kuwa Baffanki ya ƙwace. Na miƙa kwano neman ƙari ya ce, "Yaya, ka ci naka." Na ce tukunyata ce. Ya ce, "Gwiwar ma taka ce." Yaron da na goya a baya! Da yamma ma biyo ni gida yake yi, mu ci namu, ya ƙulle sauran ya kai wa matarsa da ɗansa, ko ƙanzo ba ya bar mini.

Kada ki ce taimakona suke yi. Ni nake ciyar da su.

Sikeli ya ce kilo bakwai sun tafi. Nas ba ta ce in cire takalmi ba. Har ta tambaye ni sirrin, na zana mata tukunyar a bayan katina.

Ki shafa mini kan amarya.
Mahaifinki

*

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da murna. Baffa ya kira ni, ya ce Tela ya rage maka wanduna har sau biyu kuma bai daina tsiya ba.

Ga wata magana. Nas ɗin nan ta roƙi Baffa a rubuta mata girke-girken da kuke yi a shago, da zanen tukunyar, don ta riƙa raba wa masu jiran tiyata irin taka. Ta ce da yawansu su kaɗai suke zaune, kuma littattafan kasuwa ba sa kama su. Baffa ya karanto mini guda goma ta waya, na buga su, sun zama ɗan littafi. Na haɗo maka da kwafi ka duba.

Na sa labarin mutum huɗun a farko, don shi ne zai sa mutane dariya su karanta. Amma don kada ka ji nauyi, ban sa sunanka ba. Na rubuta: daga wani majinyaci.

Na nemi hutu. Ranar da likita ya sa, ina nan tafe da amaryarka.

'Yarka mai yi maka addu'a

*

Uwata,

Gaisuwa. Likita ya sa rana, Alhamis ta sama. Kilo goma sha biyu ya nema, na kai masa goma sha uku, ɗayan gyara ne. Baffanki zai zauna da ni a asibiti. Tela zai riƙe tukunya kafin in dawo, ki taya ni addu'a kada ya tsiyaya mata mai. Ku zo lafiya. Ki gyara ɗakin sama, don can zan koma da ƙafata in Allah ya yarda.

Na karanta ɗan littafin, da tabarau. Gyara biyu.

Na farko, "na mutum huɗu" a rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman kowane shafi. A ƙarƙashinsa a ƙara cewa mutum ya nemo ukunsa kafin ya kunna wuta.

Na biyu, wane ne wani majinyaci? Wani majinyaci ne ya huda farantin? Wani majinyaci ne ya cinye abincin mutum huɗu wata guda bai mutu ba? Ba na jin kunyar ko ɗaya. Ki goge. Sunayen su ukun ki sa su a ƙasa, kada ki ƙanƙanta su, yadda za a iya karantawa ba tabarau. Amma nawa a sama, cikakke, da na mahaifina, kamar yadda yake a allon shagona.

Mahaifinki,
Mai Walda