Wai Ina Koya wa Yara Ƙari a Maganar Allah

Goggo Atu, don Allah ki taimake ni, murna da fargaba sun haɗu sun hana ni sakat.

Ni malamar makarantar Lahadi ce a wani ƙaramin coci a Tambuwal, inda aiki ya kawo maigidana. Yaran ajina akwai su da hadda, amma in aka ce su ba da labari, komai sai su ce mai kyau ne ko mara kyau, shi ke nan. Har na fara zargin ni ce ban iya koyarwa ba.

Maƙwabciyata Dada, wata tsohuwa Musulma 'yar Kebbe, ita ta buɗe mini ido. In tana ba ni labarin fataken zamanin Daular Usmaniyya, yadda ta ji a bakin kakarta, har warin gumin jakuna nake ji. Sai na fara fita da yaran bayan gari. Su taɓa ƙaiƙayi, su shinshina ƙasa bayan ruwan sama, su tsaya kallon garken shanu, kowa ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Ranar bikin godiyar kaka, Rifkatu, yarinyar da ko gaisuwarta da ƙyar ake ji, ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarin tunkiyar da ta ɓata, na cikin Littafi Mai Tsarki. Ta ce ƙarangiya ta cika wa tunkiyar jiki, kukanta ya dushe kamar na jaririn da ya gaji, makiyayin kuwa ƙafarsa duk faso. Uwar Rifkatu ta rufe fuska da gyale tana hawaye, can mata suka ɓarke da guɗa.

Amma Baba Ɗangiwa, dattijon cocinmu, ya ce babu ƙarangiya a Littafi Mai Tsarki, wai ina koya wa yara ƙari a Maganar Allah, kuma zai sa a karɓe ajin. Maigidana ya ce in haƙura in bari. Zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi?

Malamar Lahadi, Tambuwal

'Yata, barka da wannan nasara! Kin sa yarinya mai shiru ta girgiza coci, ba ƙaramin aiki kika yi ba. Kada ki ajiye ajin.

Sai dai Baba Ɗangiwa ba maƙiyinki ba ne. Tsoronsa shi ne yara su girma ba su bambance abin da ke rubuce da abin da suka hango a ransu ba, kuma yana da hujja. Ki tafi gidansa tare da maigidanki, ki durƙusa ki gaishe shi, ban da musu. Ki roƙe shi ya riƙa zuwa yana karanta wa yaran nassin da kansa, sannan kowane yaro ya ce ga yadda shi ya hango abin. Dattijon da aka ba wuri a gaba, da wuya ya nemi rufe ajin.

Dada kuma ki kai mata goro, ki gaya mata abin da labarinta ya haifar. Allah ya ƙara basira, ya raya mana Rifkatu.

Goggo Atu