Danshi Ya Cinye Hoton Baba

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Saratu da yara. Yaya ƙafarka?

Dalilin wasiƙar, hoton Baba da ƙungiyarsu na gasar cin kofin ƙasa, tun kafin 'yancin kai, ya lalace. Na adana shi a ƙasan akwati yadda muke yi a Jos, ashe danshin nan Pantai Dalam, inda nake zaune yanzu, ba ya ƙyale takarda. Jiya na ciro shi domin jikata, ta ce, "Kaka, wanne ne golan?" Na kasa nuna mata Baba, wanda shi ne golan, funfuna ta cinye fuskokin.

Ina roƙon dangi baki ɗaya kowa ya duba akwatinsa ko akwai wani hoton, domin ni kaina kamannin Baba sun fara ɓace mini. Ku sa mu a addu'a. A gaida Goggo.

Yayanka,
Dauda