Kwalaben Bayan Injin Wanki

Baban Nanret,

Na wuce asibiti, ban tashe ka ba. Mama ta gano giyar da kake haɗawa a bayan injin wanki. Ta buɗe kwalba, ta ji ƙamshin lemon giras, ta tambaye ni ko maganin zazzaɓi ne irin na gida. Matar da ta cika Bukuru da cewa ɗanta bai taɓa kai giya baki ba, me zan ce mata? Na ce e.

Ta sha rabin kofi, ta yaba ɗacin. Yanzu kwalba huɗu na cikin jakarta, za ta kai wa matar fasto a Beltsville ran Lahadi.

In na faɗi gaskiya, na tona ka. In na yi shiru, ni ce nas ɗin da ta ce magani ne. Kuma saura wata biyar ta koma gida.

Ka san abin da za ka gaya mata kafin in dawo, mahaifiyarka ce. Ni dai na yi tawa ƙaryar, har albarka ta sa mini a kanta.

Pauline