Ƙasar Bayan Shagona

Zuwa ga hasken idona, ruwan randata a zafin garin Lafiya, Zulfa,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kishi ya hana shi cin tuwo. Wai ni Kalilu, da gemuna, da shagona na maganin feshi, na koma kishi da halittar da ido ba ya gani! Ƙwayoyin bakteriyar nan da kike nema a jami'a, masu fitar da sinadarin da kike kira inzayim, wanda ke cire kilorin daga gubar gona har ta mutu murus, su kike farauta safe da yamma. Ni kuwa sai na kira sau uku kafin ki ɗaga.

Kin tuna ranar da kika ce kina neman ƙasar gona? Na je har Adogi na ɗebo, na shanya ta kwana uku, na tankaɗe, na zuba a kwalbar da na wanke da bilic, don ban ga yadda zan miƙa wa sarauniya datti ba. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce tsaftata ta kashe duk abin da kike nema. Dariyar ta yi mini daɗi, ya farin watana, har sai da Terlumun abokin karatunki ya shigo da taɓo a kula, kika tarbe shi kamar lefe ya kawo. Taɓo fa, Zulfa! Yanzu kuma na ji ranar Asabar shi zai goya ki a babur zuwa Ashige neman wata ƙasar. Ni ina zan sa raina?

Kin taɓa gaya mini ƙwayoyin sun fi samuwa inda guba ta daɗe. To, ga abin da na ɓoye miki. Shekara bakwai ina wanke tankin feshi, ina tuttule ragowar magani a bayan shagona. Ko ciyawa ba ta fita a wurin. Rijiyar maƙwabta ba nisa, kuma na sani. Na yi shiru ne don kada darajata ta zube a idonki.

Wallahi na daina. Ki zo ranar Asabar ki ɗiba, ki auna, ki faɗa wa maƙwabtan gaskiya ina tsaye. Gara ki tsaya a gabana kina yi mini faɗa da ki zauna a bayansa kina dariya.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Kalilu