Na'urar da Na Zaɓa wa Ramla

Litinin, 3 ga Satumba, 2012
Ramla ta zo. Wata huɗu rabonta da unguwarmu Ƙofar Kwaya, kuma da kayan aiki ta shigo mani gida, wando da hula, maƙwabta na leƙe. Kamfaninsu ya samu aikin feshin tsuntsaye jan-baki a gonakin gero can bakin iyaka, ita za ta tuƙa ƙaramin jirgin. Autata! Likita na ce ta karanta. Tun da soja suka koma bariki kowa ya samu baki, har ɗiyar da ka haifa.

Laraba, 5 ga Satumba
Ta dawo da kwalaye biyu. Wai a dajin babu sabis, sai na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ƙaramar maɓalli biyu gare ta, na "lafiya lau" da na neman ceto. Aikawa kawai take, ba a mayar mata da amsa. Babbar kuwa ana rubutu, a amsa.
"Baba, shekara talatin ka yi a gidan waya, kai za ka zaɓa mani."
Daɗin baki. Ranar da ta zaɓi jirgi wa ta tambaya?
Na ce ta ɗauki ƙaramar, batirinta ya fi daɗewa. Gaskiya ne kuma. Ta ce, "To in kana son yi mani magana fa?" Na ce, "Wadda na yi maki a ƙasa kin ji?"
Uwarta Talatu ta dire mani tuwo, ko kallona ba ta yi ba.

Lahadi, 9 ga Satumba
Ta tafi. Ban raka ta ba.

Juma'a, 14 ga Satumba
Kullum "lafiya lau" sau biyu, kuma a wayata yake faɗowa. Makirci ne, ta san uwarta ba ta karatun boko. Dole ni ke karantawa, kamar wani masinja.

Talata, 25 ga Satumba
Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin saƙon neman ceto ya shigo, da wasu lambobi masu nuna inda take. Na kira ofishinsu. Inji ya mutu, ta sauke jirgin cikin wata fadama. Sun san wurin, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta isa sai gobe.
Sha biyu: "lafiya lau." Ƙarfe ɗaya: "lafiya lau." Wane irin lafiya? Da ƙafa ta karye, da jini take zubarwa, abin da maɓallin ya iya faɗa ke nan.
Talatu ta riƙe mani hannun riga. "Malam, ka ce mata muna nan, muna addu'a."
Na ce saƙo ba ya zuwa wurinta.
"Ka gwada mana!"
Na rubuta, na aika, ya dawo. Na sake. Ta dube ni ta ce, "Kai ka zaɓa." Shekara talatin da takwas muna tare, ba ta taɓa yi mani magana da wannan muryar ba.
Daga la'asar saƙo ya ɗauke.

Laraba, 26 ga Satumba
Fulani makiyaya suka tsince ta, suka kai ta ruga. Na'urar ta faɗa ruwa lokacin da suke ƙetare fadamar. An kawo ta da azahar, hannun hagu a karye, goshi a fashe. Na yi niyyar... ban san me na yi niyya ba. Faɗa na yi mata. Ta bari na gama, ta ce, "Baba, duk danna maɓallin da na yi, na san kana gani."
Na fita masallaci, lokacin sallar la'asar bai ma yi ba.

Litinin, 8 ga Oktoba
Wai da hannu ya warke za ta koma. Taurin kai, ban san inda ta gado shi ba.
Babbar na'urar na nan ɗakin Talatu. Na ɗauko, na karanta takardarta kaf, don kada a ce tsohon ma'aikacin gidan waya ya kasa. Batirin bai kai na waccan ba, sai ta riƙa tafiya da na sauyi. Na tura Ramla da na'urar tsakar gida inda sama take a buɗe, don gwaji kawai. Na ɗauki wayata, na rasa me zan rubuta mata, na ce, "Kin sha maganinki?"
Ina hango ta ta taga, tana fama da hannu ɗaya. Minti huɗu amsa ta iso.
"Na sha, Baba."
Na'urar tana aiki. Gobe ma sai a sake gwadawa.